Waƙar Mai Aski da Ƙwan Mai Fenti

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 6:15 na yamma

Sau goma sha ɗaya mai askin da ke ƙasanmu ya sa waƙar nan yau. Shagonsa na ƙarƙashin tagar ɗakinmu daidai, lasifikar kuma a bakin ƙofa ya kafa ta, sai ka ce motocin titi yake wa aski. Waƙar ba kai ba gindi. Wani mai murya kamar an matse masa hanci yana ta "zo ki zauna, zo ki zauna, ina za ki da rana tsaka," sai gangar inji ta ɗauka, sai ya koma "ba na so, ba na so, ba na so ki tafi." Shi ke nan fa. Minti huɗu ana nanata abu ɗaya.

Na sauka na ce masa akwai mara lafiya a sama. Ya ce, "Ayya Malama, Allah ya ƙara sauƙi, yanzu zan rage." Ya rage ɗin, har na kai matakala ta shida.

Kwana uku ke nan da muka dawo da Mai Fenti daga asibiti. Shekara ashirin da bakwai da aurenmu, haka nake kiransa tun ranar da na fara ganin fenti a ƙarƙashin farcensa. Hannun dama da ƙafar dama ba sa jin maganarsa, baki ya ɗan karkace. Likitar da ke koya masa magana ta ce in riƙa rubuta abin da ya ci da abin da ya faɗa kowace rana. Abin da ya ci: shayi rabin kofi, ayaba ɗaya. Abin da ya faɗa: babu. Sauran shafin nawa ne.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe 2:00 na rana

Ya nuna ƙofar kicin. Na kawo ruwa, ya kau da kai. Na kawo shayi, ya rufe ido. Na kawo burodi, ya buga gefen gado da hannun hagu. Sau biyar ina sintiri tsakanin ɗaki da kicin kafin na gane lemo yake so. Da na kawo lemon kuma ya riga ya yi fushi, ya ƙi sha.

Shekara ashirin ina koyar da lissafi, aji mai ɗalibi sittin bai taɓa gajiyar da ni haka ba. Shugabar makaranta ta ba ni hutun sati uku. Ta ce kada in damu, amma sau biyu ta faɗi ranar da zan dawo.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe 10:30 na safe

Sati biyu yau da ciwon ya kama shi. Ba zan rubuta komai a kai ba.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe 4:40 na yamma

Likitar magana ta zo. Yarinya ce sa'ar Autarmu, komai aka yi sai ta ce "madalla." Ta ce in yanka kwali in zana abinci a kai, ɗaya-ɗaya, don ya riƙa nuna abin da yake so. Na ce mata mai zanen gidan ga shi nan kwance. Duk gidan abincin da ke unguwar nan, kifin da ke bangonsa da kazar da ke allonsa aikin mutumin nan ne. Ni kuwa da'ira ma sai da kamfas. Ta ce madalla, in gwada.

Na gwada. Na zana ƙwai, burodi, kofin shayi, ayaba, shinkafa a faranti. Na jera masa a kan cinya. Ya ɗauki katin ƙwan ya daɗe yana kallo, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, sannan ya ɗago ya dube ni. Wannan kallon na san shi. Shi yake wa sababbin masu zane idan sun ɓata bangon mutane.

Na ce, "Ƙwai ne."

Ya jefar da shi ƙarƙashin gado.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe 12:10 na rana

Auta ta zo daga makaranta, za ta koma gobe. Ta zaro katin daga ƙarƙashin gado ta ce, "Mama, dankali ne wannan?" Ubanta ya yi wani sauti a maƙogwaro. Da na waiwaya a tsorace, ashe dariya ce. Dariyarsa ta farko tun ranar, kuma ni ake wa.

Ba ta yi shawara da kowa ba ta ɗauko masa ƙananan gwangwanayen fenti da buroshi daga akwatinsa. Na ce zanen gadon fa? Ta ce a wanke. Ita ce za ta wanke?

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

Awa uku ya yi a kan ƙwai ɗaya da hannun hagu. Fenti a zanen gado, fenti a gemu, fenti a kan ledar maganinsa. Gefen ƙwan ya karkace, hannun na rawa. Amma soyayyen ƙwai ne sosai, har da ɗan baƙin nan na gefe inda mai ya kama shi, gwaiduwar kuma ta ɗan fashe ta gangaro. Ya miƙo mini kamar takardar sammaci.

Na soya masa. Ya ci rabi.

Mai aski: sau tara.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe 11:20 na safe

Ban san yadda zan rubuta wannan ba tare da raina ya ɓaci ba.

Ina goge masa fuska, waƙar ta taso daga ƙasa. Na miƙa hannu zan rufe taga, sai na ji murya a bayana. "Ba na so, ba na so." Tar, ba gargada, da karin waƙar da komai. Tsumman ya faɗi daga hannuna. Na ce, "Me ka ce?" Ya buɗe baki, ba abin da ya fito sai iska. Da amshin ya sake zagayowa ya sake binsa har ƙarshe.

Na kira likitar magana nan take. Ta ce ana samun haka, waƙa da magana ba hanya ɗaya suke bi a kai ba, wani lokacin ɗaya ta toshe ɗaya tana buɗe. Ta ce in bar shi ya yi ta ji. Madalla, in ji ta.

Mutumin da ke canza tasha da zarar an sa irin waɗannan waƙoƙin. Mutumin da ya ce wa Auta masu yin su ko gaisuwa ba su iya ba. Kwana ashirin ina tsaye a kansa, ina juya shi, ina kai shi bayi, bai ce "Malama" ba ko sau ɗaya. Sai waƙar mai aski.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe 9:00 na safe

Na sauka na roƙi mai aski ya ƙara sauti. Ya tsaya da almakashi a hannu yana kallona. Ban yi masa bayani ba.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe 3:15 na rana

Ya samu makami. Na kawo magani: "ba na so, ba na so." Mai gashin ƙashi ya zo zai miƙar masa da ƙafa: "ba na so." Na ɗauko rigar da ba ta yi masa ba, haka. Yana yi yana lumshe ido yana kaɗa kai kamar mai gasar waƙa. Mai gashin ƙashin har da tafi. Ni kaɗai ce ba na dariya a gidan nan.

Katunan da ya zana sun kai bakwai. Nawa duk ya tura su bayan filo. Ayabarsa tana da ɗigon baƙi a jiki, irin wadda ta kwana biyu. Na ce, "Ko a zane ma ba za ka ba mutum sabuwar ayaba ba?" Ya ɗaga kafaɗa ɗaya, wadda ke ɗaguwa.

Ina wanke kwanuka ɗazu na kama bakina yana "ina za ki da rana tsaka." Na yi tsaki ni kaɗai.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe 7:20 na yamma

Yau ya yi wani kati da ya ƙure ni. Gefen burodi ne, ƙarshen nan mai tauri da kowa ke bari, guda biyu, da kofin shayi wanda ya yi sanyi har ya yi yana a sama. An ajiye su a bakin wurin wanke-wanke, har famfon ya zana. Ya nuna katin, ya nuna kicin. Na ce to, ciwo ya kawo sabon kwaɗayi. Na yanko gefen burodi, na haɗa shayi, na kawo. Ya ture tiren zuwa gabana. Na mayar masa. Ya sake turowa har shayin ya zube a kan zanen gadon da na wanke jiya.

Na yi masa tsawa. Na faɗi abubuwa. Na ce ni ma mutum ce, ban yi barcin kirki ba tun ranar, in ba ya so ya bari. Ya juya fuska bango.

Auta ta iso ana cikin haka. Ta ɗauki katin, ta dube shi, ta dube ni.

Ta ce, "Mama, wannan ai abincinki ne."

Na ce wane irin nawa.

"Shi kike ci. A tsaye, a gaban famfo. Daga gadon nan ana hango ki in ƙofa na buɗe."

Na je na tsaya inda filonsa yake na duba. Ana hangowa.

Na cire zanen gadon na jiƙa.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe 8:05 na safe

Saura sati ɗaya in koma aiki. Yaya, wato wansa, ya bugo waya. Zai zo ranar Asabar "mu yi magana." Na san maganar.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe 6:00 na yamma

Mai gidan abincin da ke bayan tasha, inda ciwon ya kama Mai Fenti yana aiki, ya aiko sau uku in zo in kwashe tsani da gwangwanaye. Tun ranar nake zagaye layin nan, ko kasuwa za ni sai in bi ta doguwar hanya. Yau maƙwabciya ta zauna da Mai Fenti, na je.

Bangon na nan yadda ya bar shi. Kifi babba a faranti, kai da rabin jiki sun sha launi, wutsiyar kuwa layin alli ce kawai. A gefe shinkafa, tumatir yankakke, sai burodi da kofuna biyu.

Ban taɓa tsayawa na kalli aikinsa ba. Gaskiya ke nan. Ina wucewa ta gabansu kullum, na san nasa ne kamar yadda na san takalminsa, amma talla ce, me za a kalla a talla? Yau da nake jiran a sauko da tsanin sai idona ya tsaya. Burodin a karkace aka yanka shi, kauri a sama siriri a ƙasa. Ni ce nake yanka burodi haka, shekara nawa yana mini tsiya a kai. Kofi ɗaya kuma bakinsa ya ɗan ɓalle ta wajen mariƙi. Kofina ne, shuɗin nan da Auta ta yar tana ƙarama, na ƙi zubarwa.

Mai gidan abincin ya ga inda nake kallo. Ya ce, "Na yi fama da shi a kan kofin nan, Malama. Na ce wa zai shiga shagon da aka zana masa fasasshen kofi? Ya ce shi da wannan ya iya. Ki duba na mai shayin bakin asibiti, da na wajen makarantarku, duk shi ne."

Na wajen makarantarmu. Kullum a gabansa nake sauka daga mota.

Ina ɗaure gwangwanaye ya ci gaba da zuba, ba wanda ya tambaye shi. Wai ranar Mai Fenti ya sauko daga tsani da ƙafarsa, ya zauna a kan gwangwani ya ce kansa na juyawa. Wai ya ciro waya ya kira ni sau biyu ba a ɗauka ba, ya ce bari ya ɗan huta. Sai bayan kusan awa ɗaya suka lura ba hutu yake ba.

Na ce ina aji lokacin.

Ya ce, "Ai haka na ce, aikin koyarwa."

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe 6:30 na safe

Ƙarya na yi masa, ranar ba na aji. Lokacin hutun tara ne, ina ofis, wayar na kan tebur a gabana. Ina kallo tana ƙara, na ƙi ɗauka.

Da safen ya ce in zauna mu karya tare, na ce ba kowa ne ke da lokacin zama ba, wasu aikin gaske suke yi. A kan me ma muka fara? Na manta. Abin da na faɗa ne ban manta ba.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe 1:45 na rana

Mai aski ya samu sabuwar waƙa, tun safe ita yake sawa. Mai Fenti ya yi ta kallon taga. Na sauka. Wannan karon na faɗa masa dalili. Ya ajiye injin askin, ya ce me ya sa ban faɗa tun farko ba, ya ce zai hau ya yi masa gyaran fuska in an yarda.

Ya mayar da tsohuwar waƙar, na tsaya a matakala na saurare ta daga farko har ƙarshe, karo na farko. Har yanzu muryar kamar an matse hanci. Amma akwai wani wuri kusa da ƙarshe da gangar ke ɗaukewa, ya rage shi kaɗai, ya ce "zo ki zauna" a hankali, ba kamar mai kira ba, kamar wanda ya san ba za a zo ba. Sau ɗari nawa ta wuce ta kunnena ban ji wurin nan ba?

Wawiyar waƙa. Sai da na wanke fuska kafin na shiga ɗaki.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe 5:50 na yamma

Yaya ya zo da lemo cike da leda da shawara cike da baki. Ya zauna a kujerar gefen gado, ya yi magana da ni a kan ƙaninsa kamar ƙanin ba ya ɗakin.

Ya ce, "Ke jibi za ki koma aiki. Nan bene ne, hawa biyu. Gidana ƙasa ne, ga mutane, ba zai taɓa zama shi kaɗai ba. Wata uku kawai, ya ji ƙarfi. Ke ma ki dubi kanki, kin rame."

Abin haushin, duk gaskiya ya faɗa. Na tuna matakalar nan, na tuna bayi, na tuna bayana da ke ciwo. Na ji bakina yana cewa, "To Yaya, in hakan ya fi masa."

Yaya ya dafa gwiwarsa ya ce, "Ka ji ko? Gobe zan turo mota."

Mai aski bai sa komai ba a lokacin, titin shiru. Mai Fenti ya fara kaɗa hannun hagu a kan katifa, yana nemo karin da kansa. Ya ɗauko daga "ba na so, ba na so," ya zo wurin da waƙar ke cewa "ki tafi" ya tsaya. Ya koma farko. Ya sake tsayawa a wurin. Jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya feso masa. A karo na uku ya ce, "Ba na so in tafi."

Babu "in tafi" a waƙar. Na fi kowa sani, na ji ta fiye da wanda ya yi ta.

Yaya ya dube ni ya ce, "Waƙa yake yi?"

Na ce, "Amsa ya ba ka, Yaya."

Ya ciro hankici ya share wa ƙaninsa goshi. Ya ce tun suna yara haka yake da taurin kai. Mun tsaya a kan matar Yaya za ta riƙa zuwa da safe kwana uku a sati, maƙwabciya kwana biyu, mai aski kuma ya ce a ba shi makulli ɗaya don ko ta kwana.

Da Yaya ya tafi na ce wa Mai Fenti, "Ka kyauta. Ka sa na zama muguwar da ta yarda a tafi da kai." Ya lumshe ido. Na zauna a bakin gadon. Na so in yi maganar wayar, na fara, na ce, "Ranar nan da ka kira." Ya ɗora hannunsa mai fenti a kan bakina. Yanzu leɓena kore ne, sabulu ya ƙi fitar da shi.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe 4:30 na yamma

Na koma aiki. Wayar a hannuna na yi darasi huɗu. Matar Yaya ta canza wa duk tukwanena wuri.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe 7:00 na safe

Ya taka daga gado zuwa ƙofa da sanda. Taku takwas. Ya ƙi a riƙe shi, ya kusa kifar da fanka.

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe 6:40 na yamma

Tun daga matakala na jiyo ƙauri. Na haura da gudu, jaka na dukan ƙafata. Maƙwabciya ta leƙa gidanta ɗauko abu, minti goma in ji ta, a cikin minti goman nan mutumin ya ja ƙafa har kicin. Na same shi ya jingina da kantar kicin, sanda a ƙasa, hayaƙi ya cika ko'ina. Ɓawon ƙwai a kan murhu, ɓawon ƙwai a cikin kaskon, ƙwai biyu sun fashe a ƙasa, na ukun ne ya samu shiga.

Na kashe gas na buɗe taga na fara faɗa. Na ce in ya faɗi fa? In rigarsa ta kama? Yana so ya ƙarasa ni ne? Ya bar ni na yi har na gaji. Sannan ya tura kujera da ƙafarsa mai lafiya, ya juye abin da ke kaskon a faranti, rabi a faranti rabi a tebur, ya turo gabana.

Na zauna. Ƙasan ƙwan baƙi ƙirin, saman bai nuna ba. Na kai loma ɗaya, na tauna ɓawo. Yana tsaye yana kallon bakina. Sai na ga leɓensa na motsi, ba kaɗa hannu, ba kari, ba komai. Ya daɗe yana kokawa da kalmar.

"Gishiri."

Magana ce, ba waƙa ba. Na ajiye cokali. Sati biyar ina jira, na zata in ta zo sunana ne zai fara fitowa.

Na ce, "Babu ko ɗigo."

Ya nuna kantar sama, inda gwangwanin gishirin yake, ya nuna hannunsa. Ya ce, "Nisa."

Na cinye tas, har da na kan tebur. Ɗacin hayaƙi har yanzu yana maƙogwarona, kaskon kuma ba na jin zai ƙara moruwa. Na sauko da gishirin zuwa kantar ƙasa, ta hagu, kusa da murhu.